Komawa Gudu Bayan Raunin Tsokar Ƙafa

Wannan shi ne jawabin da sashen kiwon lafiya na hukumarmu ya gabatar a taron zumuntar matasa na gunduma. Shugabannin matasa sun roƙa a buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Ana iya karanta shi a ƙungiya, a kuma gwada atisayen tare.

 

Wani zai ce, hukumar da aka sani da rabon hatsi da haƙa rijiya da taimakon 'yan gudun hijira, me ya haɗa ta da zancen guje-guje? Abin da muke gani a ƙauyukan da muke aiki ne ya kawo mu. A ƙasar Filato gudu hanyar abinci ce ga matasa da yawa. 'Yan Pankshin da kewaye sun yi suna a tseren dogon zango, suna zuwa tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, wanda aka fara a 2013, da tseren kilomita 42 na birnin Legas, wanda aka fara a 2016. Waɗansu suna gudu kowace asuba domin shirin gwajin shiga soja ko 'yan sanda. Waɗansu kuma ƙwallo ce ta sake haɗa su da maƙwabtansu Musulmi a fili ɗaya bayan rikicin da ya raba unguwanni. Idan ƙafar irin wannan matashi ta lalace, kuɗin makaranta ne ya tafi, ko aikin da ya sa wa rai, ko hannu ɗaya a gonar gida.

Bari mu ba ku labarin wani ɗan'uwa, ba za mu faɗi sunansa ba. Yana shirin gwajin shiga aikin ɗamara, saura mako huɗu, sai wata safiya yana cikin gudu da ƙarfi ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan cinya. Da dare mahaifiyarsa ta gasa masa wurin da tawul da ruwan zafi, abokinsa kuma ya murza da man zafi har ya yi ihu. A kwana na biyar zafin ya ragu. Ya sayi magani a kyamis, a kwana na takwas ya koma tsere da abokansa. Bai kai ƙarshen fili ba ya faɗi. A wannan karo jini ya kwanta baƙi tun daga cinya har bayan gwiwa, ya yi makonni yana dogara sanda. Gwajin ya wuce shi, noman farko na wannan damina ma ya wuce shi. Babu wanda ya nufe shi da mugunta a cikin waɗanda suka taimake shi, abin da suka sani suka yi.

Abu ɗaya muke so ku tafi da shi gida yau. Zafi yakan tafi tun tsoka ba ta gama warkewa ba. Saboda haka mai rauni zai koma gudu ne a ranar da ƙafarsa ta ci gwajin da za mu nuna muku, kuma mataki-mataki zai koma.

Abin da ke faruwa a cikin tsoka

Tsoka kamar igiyar rama take, zare ne masu yawa aka haɗa wuri ɗaya. A bayan cinya akwai tsoka uku da suka taso daga ƙashin da muke zama a kai, suka sauka har ƙasan gwiwa. Su ke taka wa ƙafa birki sa'ad da mai gudu ya wurga ta gaba, dab da ta taɓa ƙasa, shi ya sa suka fi yagewa idan ana gudu da iyakar ƙarfi. A bayan ƙwauri akwai manyan tsoka biyu, wurin da muke kira dambubu ko sha-raɓa, waɗanda suke haɗuwa su zama agara, wato jijiyar nan mai kauri ta bayan diddige. Su ke tura jiki gaba, sun fi shan wahala wajen hawan tudu da zabura farat ɗaya. Tsokar gaban cinya da ta cikin cinya kuma sun fi samun rauni wajen buga ƙwallo da juyawa da sauri. Wannan rauni bai bar gwani ba. Usain Bolt na ƙasar Jamaika, wanda ya kafa tarihin gudun mita 100 a 2009, tsokar bayan cinya ce ta kayar da shi a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017.

Likitoci sukan kasa raunin gida uku. Na fari, zare kaɗan ne suka tsinke: akwai zafi, amma mutum yana iya tafiya, kuma galibi mako ɗaya zuwa uku ya isa. Na biyu, zare da yawa sun tsinke: akwai ɗingishi da kumburi da kwanciyar jini, yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, wani lokaci fiye. Na uku, igiyar ta katse gaba ɗaya, wannan kuwa zancen wata uku ne ko fiye, har yakan kai ga tiyata.

Da tsoka ta yage, jini yakan zuba a wurin, ya kumbura. Kumburin kwanakin farko aikin gyara ne jiki ya soma, yana kwashe abin da ya mutu. Daga nan sai ya ɗinke gurbin da naman tabo, sababbin zaren tsoka kuma su tsiro su ratsa shi. A kwana goma na farko wannan ɗinki shi ne wuri mafi rauni, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya yi ƙwari sosai. Duk wanda ya taɓa ginin ƙasa ya san bayan katanga yakan bushe alhali cikinta da danshi, in aka ɗora mata azara a lokacin sai ta tsage.

A 2016 masu bincike a asibitin 'yan wasa na Aspetar da ke Doha, a ƙasar Katar, sun duba 'yan wasan da raunin bayan cinya ya sake kama su. Fiye da rabinsu cikin kwana 25 na farko bayan komawa fili abin ya sake faruwa, kuma mafi yawa a daidai wurin da ya fara yagewa. Watan farko bayan komawa shi ne lokacin hatsari.

Alamun da ke cewa a tafi asibiti

Yawancin raunin tsoka ana iya lura da shi a gida. Amma idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira:

1. Ba a iya taka ƙafar ko kaɗan, ko an ji ƙara kamar tsinkewar igiya, ko ana taɓa rami a cikin tsokar.

2. An ji kamar an yi shuri a bayan diddige, kuma ba a iya yin ɗage a kan yatsun wannan ƙafa. Mai yiwuwa agara ce ta tsinke. Mu lura cewa ciprofloxacin, maganin da ake yawan sha domin taifot, yana raunana agara. Wanda yake shansa ko bai daɗe da gamawa ba, ya dakata da gudu mai ƙarfi har ya ga likita.

3. Yaron da bai gama girma ba ya ji zafi farat ɗaya a ƙashin zama ko a ƙugu. A wannan shekaru tsoka tana iya fizgo ɓallin ƙashi, sai an ɗauki hoto.

4. Dambubu ya kumbura ya yi ɗumi, alhali mutum bai san sa'ad da ya ji rauni ba, musamman bayan doguwar tafiya a mota, ko kwanciyar jinya, ko haihuwa. Yana iya zama gudan jini ne a jijiya. Kada a murza. Idan numfashi ya yi wuya ko ƙirji yana ciwo, a tafi nan take ko da tsakar dare ne.

5. Zazzaɓi tare da kumburi mai tauri da ke ƙaruwa. Mugunya takan taru a cikin tsoka, ciwo ne da ya yawaita a ƙasashe masu zafi irin namu.

6. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani. Wannan yana iya taɓa ƙoda.

7. Ƙafar ta mutu, ko ta yi sanyi, ko tsokar ta yi tauri kamar dutse zafin kuma yana ta ƙaruwa.

8. Zafi a wuri ɗaya a kan ƙashin ƙwauri, wanda za a iya nunawa da yatsa ɗaya. Yana iya zama tsagewar ƙashi.

Mai cutar sikila kuma, duk ciwon ƙafa mai tsanani ya kai shi asibiti, kada a ɗauka tsoka ce. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da asibitin ƙashi na Dala a Kano suna da sashen gashin ƙashi, inda masana suke auna ƙarfin tsoka su tsara wa mutum atisayen da ya dace da shi.

Kwana uku na farko

Abu na fari shi ne a tsaya. Wanda ya ji rauni ya fita daga fili, ko saura minti biyar a tashi wasa. A naɗe wurin da bandeji mai talewa, ɗaurin da yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, a kwance shi da dare. A ɗaga ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu. In tafiya tana sa ɗingishi, a dogara sanda kwana ɗaya ko biyu, ba abin kunya ba ne.

Sanyi yana rage zafi. Ruwan leda mai ƙanƙara da aka naɗe a tsumma ya isa, minti goma zuwa goma sha biyar, ba a kan fata tsirara ba. Inda babu wuta, tsumma da ruwan randa ma yana taimakawa. Mai sikila ya guji ƙanƙara, domin sanyi yakan tayar masa da ciwo. A 1978 wani likitan 'yan wasa a Amurka, Dokta Gabe Mirkin, ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa. Don haka ƙanƙara ta kwana ɗaya ko biyu ce, domin sauƙin zafi kawai.

Abubuwa huɗu ne za a guje wa a waɗannan kwanaki: gashi da ruwan zafi, murza ko tausa mai ƙarfi, giya da burukutu, da kuma gudu. Dukansu suna ƙara zubar jini a cikin tsokar. Kada kuma a ja ƙafar da ƙarfi da sunan miƙe jijiya, domin abin da ya yage ba a gyara shi da ja.

Game da magani, farasitamol ya isa ga yawancin mutane. Ibuprofen da diclofenac suna taɓa ciki da ƙoda idan an daɗe ana sha, kuma masana da yawa suna ba da shawarar a bar su a kwanakin farko domin kada a hana jiki aikin gyaran da ya fara. Tramadol kuwa, muna roƙonku cikin ƙauna, ku nisance shi. Yana rufe bakin zafi alhali raunin yana nan, yana kuma kama mutum har ya kasa bari. Kada wanda zai yi atisaye ya sha maganin zafi kafin ya fara, gama zafin ne zai gaya masa inda zai tsaya. Jiki magayi.

Kada a daɗe a kwance

Kuskure na biyu shi ne kishiyar na farko: mutum ya kwanta mako uku bai motsa ƙafa ba, sa'an nan ya tashi ya shiga tsere. Tsokar da ba ta aiki takan rame, tabon kuma ya ƙage. A 2017 likitoci a Kofenhagen, babban birnin Denmak, sun raba 'yan wasa 50 masu babban rauni a cinya ko dambubu gida biyu. Rabi sun fara atisayen gyara a kwana na biyu, rabi a kwana na tara. Na farko sun koma wasa cikin kimanin kwana 62, na biyu kuwa sai da suka kai kwana 83. Jiran mako ɗaya ya jawo asarar mako uku.

Ga ma'aunin da za mu yi aiki da shi. Sifili shi ne babu zafi, 10 shi ne zafin da ba a iya jurewa. Kowane atisaye, zafinsa kada ya wuce 3, kada ya sa ɗingishi, kuma washegari da safe ƙafar kada ta fi jiya ciwo. Zafi mai suka kamar wuƙa kuwa, a tsaya nan take.

Daga kwana na biyu ko na uku a fara da waɗannan:

Tafiya a fili marar tudu, minti biyar zuwa goma, ana ƙarawa kowace rana.

Domin bayan cinya, a kwanta rigingine a tabarma, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a danna diddige a ƙasa a ƙirga goma, a saki, sau biyar zuwa goma. Idan wannan ya yi sauƙi, sai a ɗaga ƙugu sama da ƙafa biyu kamar gada, a sauke a hankali. Bayan kwanaki a yi da ƙafa ɗaya. Daga baya a tsaya a kan ƙafar da ta ji rauni, a sunkuya gaba a hankali ɗayar ƙafar tana tashi a baya, domin tsokar ta koyi riƙe nauyi tana miƙe.

Domin dambubu, a dafa bango a yi ɗage da ƙafa biyu, a sauko a hankali, sau goma har zagaye uku. Daga nan a koma ƙafa ɗaya. A yi wani zagaye da gwiwa a miƙe, wani da gwiwa a ɗan lanƙwashe, domin tsoka biyun duka su samu. Daga baya a goya jaka mai ɗan nauyi.

Wanda yake da keke zai iya hawa a fili marar tudu domin kada numfashinsa ya ragu, muddin babu zafi.

Gwajin da za a ci kafin a fara gudu

A sami aboki ko mai horarwa ya tsaya yana kallo, domin mai son komawa yakan ruɗi kansa. A gwada ƙafar da ta ji rauni da mai lafiyar:

1. Tafiya da sauri ta minti 30 ba zafi, ba ɗingishi.

2. Danna wurin da yatsa ba ya sa a zabura.

3. A kwance rigingine, ƙafar tana ɗaguwa a miƙe kusan daidai da 'yar'uwarta.

4. Ɗage a ƙafa ɗaya sau 20, diddige yana tashi sosai.

5. Gada da ƙafa ɗaya, adadin ya yi kusa da na ɗayar.

6. Tsalle a ƙafa ɗaya sau 10 ba zafi, ba tsoro.

Wanda ya faɗi ko ɗaya, ya ƙara kwana uku ko huɗu yana atisaye, sa'an nan ya sake gwadawa.

Matakan komawa

A fara a fili mai laushi marar ramuka, kamar filin makaranta. Rana ɗaya gudu, rana ɗaya hutu. Kowane fita a fara da tafiya ta minti biyar zuwa goma har jiki ya yi ɗumi, musamman da asubar hunturu.

Mataki na 1: tafiya minti huɗu, sassarfa minti ɗaya, sau shida.

Mataki na 2: tafiya minti uku, sassarfa minti biyu, sau shida.

Mataki na 3: tafiya minti biyu, sassarfa minti uku, sau shida.

Mataki na 4: tafiya minti ɗaya, sassarfa minti huɗu, sau shida.

Mataki na 5: sassarfa minti 20 zuwa 30 ba tsayawa.

Kowane mataki a yi shi sau biyu lafiya kafin a wuce gaba. Sassarfar ta zama irin wadda za a iya hira ana yi. Idan zafi ya dawo, a huta kwana biyu a koma matakin baya. Wanda ya koma baya mataki ɗaya kwana kaɗan ya rasa, wanda ya yi taurin kai kuwa yana iya rasa watanni. Sauri ya haifi nawa.

Abu uku ne ke ƙara wa ƙafa nauyi: nisa, da sauri, da tudu. A ƙara su ɗaya bayan ɗaya, nisa tukuna. Kada a wayi gari rana ɗaya a yi nisan da ya zarce mafi tsawon gudun da aka yi a watan nan da yawa. Bayan an yi mako ɗaya ko biyu ana minti 30 lafiya, sai a fara sauri. Tsawon filin ƙwallo kusan mita 100 ne. A kasa shi uku: kashin farko ana ƙara sauri a hankali, na tsakiya ana riƙe shi, na ƙarshe ana ragewa. A fara da rabin ƙarfi, sau shida, ana dawowa da tafiya. A fita na gaba a ɗan ƙara, haka har a kai cikakken gudu cikin mako biyu ko uku. Wanda raunin bayan cinya ne ya fi kula da wannan mataki. Wanda na dambubu ne ya bar hawan duwatsunmu na Filato zuwa ƙarshe.

Ɗan ƙwallo zai ƙara da juyawa da tsayawa farat ɗaya da buga ƙwallo, sa'an nan ya yi cikakken atisaye da ƙungiya sau biyu ko uku kafin wasan gasa. A wasan farko rabin lokaci ya ishe shi. Kada ranar gasa ko ranar gwaji ta zama ranar farko da mutum ya gwada iyakar saurinsa.

Rigakafi ya fi magani

Babban abin da ke nuna wanda zai ji raunin tsoka shi ne ya taɓa ji a da. Saboda haka ba a barin atisayen ƙarfi bayan an koma fili. Akwai wani da ake kira atisayen Nodik, ba ya bukatar ko kwabo. Mutum ya durƙusa a kan tabarma ko bargo, aboki ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa faɗowa gaba a hankali, jikinsa a miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, yana riƙe kansa da bayan cinya har ya kasa, sai ya tare da hannu. A 2011 an gwada shi a kan 'yan ƙwallo 942 a Denmak, raunin bayan cinya ya ragu sosai, musamman ga waɗanda suka taɓa jin sa. A 2019 aka tattara bincike da dama, aka ga yana rage irin wannan rauni da kusan rabi. A fara da sau biyar, zagaye biyu, sau ɗaya a makon farko, a ƙara a hankali. Cinya za ta yi tsami a farko, wannan ba rauni ba ne. Mai sabon rauni kada ya fara shi sai ya iya gada da ƙafa ɗaya ba zafi.

Jiki ba ya gini ba kayan gini. Wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi da nono su ne abincin gina tsoka, a haɗa da tuwo ko acca ko dankali da ganye. A sha ruwa isasshe, a yi barci sosai. Takalmin gwanjo da ya cinye ta gefe ɗaya a sake shi in da hali. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ya ba jikinsa kwanaki kafin gudu mai ƙarfi.

Iyayenmu, aikin gona ma nauyi ne a kan ƙafa. Sunkuyo da garma yana jan bayan cinya, hawan tudu da jarkar ruwa yana jan dambubu. A makon farko ku ba mai rauni aikin zaune, kamar ɓarar gyaɗa ko gyaran iri, ba lalaci yake yi ba.

Tambayoyin da aka yi a wurin taron

Wata uwa daga zumuntar mata ta tambaya ko ruwan zafi ba shi da amfani ke nan. Mama, yana da lokacinsa. Bayan kwana uku, idan kumburi ya daina ƙaruwa, ruwa mai ɗumi yana sake jiki kafin atisaye. Amma atisayen ne ke ƙarfafa tsokar.

Wani dattijo ya tambaya game da maɗori da wanzami. Baba, mun san mutane suna zuwa wurinsu domin suna kusa kuma an saba da su. Amma a yagewar tsoka babu ƙashin da za a ɗora, ɗauri mai tsanani yana iya tare jini, tsaga kuma tana buɗe ƙofa ga cutar sarƙe haƙora da ciwon hanta da ƙanjamau idan aska ba ta da tsabta. Jinin da ya kwanta jiki zai shanye shi da kansa.

Wata 'yar'uwa ta tambaya yadda za a bambanta ɗaurewar jijiya da yagewa. Ɗaurewa takan saki cikin mintoci idan aka miƙe ƙafa a hankali. Tsamin jiki bayan atisaye yakan zo washegari, a ƙafa biyu, ya tafi cikin kwanaki kaɗan. Yagewa kuwa farat ɗaya take zuwa, a wuri ɗaya, kuma mutum yana iya faɗin daidai takun da ta same shi.

Wani ɗan'uwa ya ce gwajinsa saura mako biyu, yana kuma ɗingishi. Ɗan'uwa, mun san abin da wannan gwaji yake a gare ka da gidanku, amma ba za mu ruɗe ka ba. Ka fara matakan yau, ka ga ma'aikacin lafiya a makon nan. In ka ci gwajin nan shida, ka kuma gwada gudu da sauri lafiya kafin ranar, to ka je. In har ranar kana ɗingishi, magani ba zai kai ka ƙarshen fili ba, kuma rauni na biyu yakan fi na farko daɗewa. Ɗaukar aiki akan sake yi.

Aikinmu na ikkilisiya

A gasar Olamfik ta 1992 a Basalona, wani ɗan Birtaniya mai suna Derek Redmond yana tseren mita 400 sai tsokar bayan cinyarsa ta yage. Ya tashi yana ɗingishi, mahaifinsa ya sauko daga cikin 'yan kallo ya riƙe shi har suka kai ƙarshe. Ba muna cewa ku yi koyi da ɗan ba, gama mun riga mun ce mai rauni ya tsaya. Uban muke so mu duba. Matashin da ya ji rauni yakan shiga baƙin ciki da tsoron za a ba wani gurbinsa, wannan tsoro ne ke mayar da shi fili tun lokaci bai yi ba.

Masu horarwa, ku gaya wa mai rauni a gaban kowa cewa gurbinsa yana nan, ku ba shi aikin riƙe agogo ko usur, kada ku bar abokai su kira shi rago. Shugabannin matasa, ku ziyarce shi, wani ya riƙa zuwa suna atisayen tare. Dattawa, ƙaramin asusu na kuɗin mota zuwa asibiti da bandeji biyu ko uku a akwatin ƙungiya ba zai gagari ikkilisiya ba. Mu yi wa marar lafiya addu'a, mu kuma kai shi inda za a duba shi. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 9, ya yi misali da masu tsere da horon da suke yi wa kansu. Zama a gefen fili mako uku alhali abokai suna gudu yana cikin wannan horo.

Ɗan'uwan nan da muka ba ku labarinsa ya bi waɗannan matakai a karo na biyu, ƙanensa yana riƙe masa ƙafa. Yanzu yana gudu, yana kuma jiran a sake buɗe ɗaukar aiki. Ku sa shi cikin addu'a.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba matasanmu haƙuri, ya kai kowa gida lafiya. Amin.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Me aka saba yi a ƙauyenmu idan wani ya ji rauni a fili? Wanne za mu riƙe, wanne za mu bari?

2. Wane asibiti ne mafi kusa da mu, kuma nawa ne kuɗin zuwa?

3. Wa za mu zaɓa a ƙungiyarmu ya riƙa duba gwajin nan shida kafin a bar mai rauni ya koma?